Daga Uku Zuwa Tara

Ni ce na raka wani dattijo daga uku zuwa tara ina yi masa tafi, alhali goman da yake hari kabarinsa ne. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya gyara zama yana jiran labarin gwaninta.

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da lissafi a sakandare kafin in ajiye alli in shiga kwas ɗin masu ba da shawara, wato masu zama da wanda damuwa ta danne su saurare shi. Ranar da na kawo fom ɗin gida maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke da ba kya barin mutum ya kai aya, ke ce za ki koyi sauraro?" Kwana biyu ban kula shi ba, don gaskiyar ta yi mini zafi.

Wurin koyon yana bene na biyu, a saman wani shagon tabarau. Ɗakin da muke ganin mutane bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. Kujeru uku ne a ciki, da gajeren tebur, da kwalin tishu, da agogon bango. Bango ɗaya kuwa madubi ne daga sama har ƙasa. Daga ciki kanka kawai kake gani, amma a bayansa akwai wani siririn ɗaki mai duhu inda malamarmu take zama tana kallonmu tana jin komai. A gabanta Malama muke ce mata, a bayan idonta kuwa Ta-Madubi. Gajeriyar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, ba ta da wasa ko kaɗan. Makullin ɗakin duhun ɗaya ne tak, yana cikin jakarta, saboda a can ake ajiye fayil ɗin mutane.

Kusa da madubin akwai farar waya a manne da bango, ba ta da lambobin latsawa. Daga ɗakin duhun kawai ake kiranta. Dokar wayar gajera ce: in ta yi ƙara ka ɗauka, ka saurara, ka ce "to", ka ajiye, sannan ka maimaita wa mutumin abin da aka gaya maka kalma da kalma. Ba ƙari, ba ragi, ba gyaran fuska.

Hanyar da ake koya mana a zangon nan ta duba mafita ce, ba ta tonon matsala ba, kuma gajera ce, zama huɗu ko biyar an gama. Malama takan ce, "Mutum ya fi ku sanin ciwonsa, ya kwana da shi ya tashi da shi. Ku tambaye shi inda yake so ya je." Akwai tambayar al'ajabi: a ce kana barci wani abin al'ajabi ya faru, damuwar ta gushe ba ka sani ba, da safe me za ka fara gani da zai nuna maka? Akwai ma'auni: daga sifili zuwa goma, yau kana nawa? Sai kuma neman ɗan lokacin da abin ya yi sauƙi, a tambayi mutum yadda aka yi, a yaba masa, a ce ya ƙara.

Ni ma'aunin nan ne ya tafi da ni. Tsohuwar malamar lissafi, an ba ta lamba mai hawa sama! Ai sai na ji kamar na koma gida.

Amma a bayan takardar da muke cikawa a kowane zama akwai layi ɗaya a can ƙasa: ko mutumin yana tunanin kashe kansa. Akwai 'yan akwatuna biyu, "akwai" da "babu". Malama ta ɗaga takardar a gaban aji ta buga ta da yatsa.

Ta ce, "Wannan ba tonon matsala ba ne. Kowane zama za ku yi ta, da bakinku, kuna kallon idon mutum. Ko da dariya ya shigo."

Duk muka ce to. Ni a raina na tsani tambayar. Ka gama gina wa mutum safiya mai kyau, sai ka kawo masa wannan mummunar magana a ƙarshe, kamar ka share ɗaki tas sannan ka zubar da shara a bakin ƙofa.

Mutumin da aka fara ba ni dattijo ne mai gyaran keken ɗinki. Ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Talata aka ba shi, amma sakatariyarmu ta ce tun kafin tara ta same shi a kan matakala, da shi da 'yarsa da ta kawo shi. Siriri ne, dogo, akwai baƙin mai a ƙarƙashin faratansa, da ɗan sukudireba a aljihun gaba. Da ya shigo ya ja kujera ta uku baya kaɗan, yadda ake yi wa wanda zai zauna, sannan ya zauna a tasa.

Bai ɓoye mini komai ba. Matarsa tela ce, shekara arba'in da ɗaya suna tare, ta rasu wata goma da suka wuce. Tun daga nan ba ya buɗe shago, ba ya aski, abinci sai 'yarsa ta tsaya a kansa.

Ya ce, "Kekenta ne ya haɗa mu. Sau huɗu ta kawo mini shi a wata ɗaya. Ni na san da gangan take kwance shi, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta amsa ba."

Na yi masa tambayar al'ajabi yadda aka koya mana, a hankali, ina jin idon Malama a ƙeyata.

Ya ce, "Zan ji keken. Da safe ina wanke fuska, zan ji tana taka shi a ɗakin ciki."

An koya mana abin yi in mutum ya roƙi abin da ba zai yiwu ba. Ba a musa masa, sai a tambayi abin da zai biyo baya. Na ce, "To Baba, in ka ji shi, me za ka yi daban?"

"Zan yi aski. In buɗe shago. In kai wa mutane kekunansu, sun daɗe suna jira."

"Daga sifili zuwa goma, yau kana nawa?"

"Uku, 'yata."

Na ba shi aikin gida: ya riƙa lura da duk wata 'yar alama da ke nuna safiyar nan ta fara zuwa. Sannan na juya takardar, na yi tambayar bayan a gurguje, ina kallon tebur. Ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "A'a. Ban kai nan ba tukuna."

Na ja layi a kan "babu". Bayan ya tafi Malama ta ce na yi ƙoƙari, sai dai in riƙa ɗaga ido. Mu takwas ne a hannunta, don haka zama na farko da na huɗu kawai take kallo, tsakaninsu rahoto take karantawa. Na koma gida kaina ya kumbura, har na gwada wa maigidana ma'auni a kan ciwon bayansa. Ya ce in ba shi man shafawa in bar lissafi.

Talata ta biyu ya zo da aski fes. Ya ja kujera ta uku, ya zauna, ya ce biyar.

Na ce, "Kai, Baba! Daga uku zuwa biyar? Me ya faru?"

"Na ji shi. Ranar Alhamis da safe, ina wanke fuska."

"Keken?"

"Shi. Ni na san takun kowace tela a unguwarmu, kamar yadda kika san muryar 'ya'yanki. Ita takan yi sauri, ta tsaya ta ciji zare, ta ci gaba. Ba ta taɓa yarda da almakashi wajen yanke zare ba. Ita ce." Ya gyara zama. "Abin mamakin, ni na cire bel ɗin keken da hannuna bayan rasuwarta. Yana cikin aljihun teburina."

Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna ba a musu. Na ce a raina mai kewa yakan ji abin da zuciyarsa ke so, kuma in dai jin yana tashe shi tsaye, ina ruwana da inda sautin ya fito? Na tambaye shi abin da ya yi bayan ya ji. Ya ce ya buɗe shago, ya gama kekuna uku, ya kai wa masu su har gida.

Na ce, "Yaya aka yi ka iya? Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Duk abin da kake yi, ka ƙara."

Ya ce, "Zan ƙara, 'yata."

Da na zo juya takardar sai na dubi fuskarsa, ga haske, ga murmushi. Na ji nauyin ɓata masa rai. Na bari har ya fita, na ja layi a kan "babu", ban tambaya ba. Wannan ce ƙaryar farko da na rubuta a aikin nan, kuma ko a jikina.

Talata ta uku bakwai ya ce. Keken yanzu kullum ne, kuma yana daɗewa. Ya ce ranar Lahadi ya leƙa ɗakin, rigar keken tana nan a rufe yadda ya bar ta, amma da ya ɗaga sai ya ga zare a allura, fari, bakinsa a cije.

Ya ce, "Wani abu take ɗinkawa. Ina jin ta kusa gamawa."

Ban tambayi ko mene ne ba. Na tambayi abin da ya yi a makon. Ya mayar da sauran kekunan duka, shagon ya zama fayau. Ya ba maƙwabcinsa akwatin kayan aikinsa. Ya kai wa 'yarsa kyanwar gidan, ya kuma je ya gai da wani ƙaninsa da suka shekara shida ba sa ga maciji. Yana magana yana kallon madubin, amma ba kansa yake kallo ba. Idonsa yana kan inda kujera ta uku ta fito a ciki.

A ranar ne na fara jin abin. Muna cikin shiru sai wani sauti ya taso can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin bango: caka-caka-caka, ya tsaya, ya ci gaba. Na ce a raina injin goge gilashi ne na shagon tabarau. Baba ya ɗan karkata kai gefe yana murmushi. Na rubuta a rahoto: "Yana kammala ayyukansa, yana gyara zumunci." Na sake jan layi a kan "babu".

Da yamma ina yanka albasa na ba maigidana labari, ban faɗi ko wane ne ba. Na ce ga mutumina ya kusa warkewa a zama uku.

Ya ce, "Tsaya. Mai sana'a ya ba da kayan aikinsa, ke kuma kina murna? To da me zai ci gaba da aikin?"

Na ajiye wuƙar. Na ce, "Kai ka yi kwas ɗin ko ni? Ka je ka ji da bayanka."

Ya ɗaga hannu ya fita. Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, na haɗiye ta da ƙarfi, don bakwai ta fi mini daɗi.

Talata ta huɗu aka tashi da ruwan sama mai ƙarfi. Ranar ce Malama za ta kalle ni, kuma daga zaman nan za ta yanke ko na haye zangon. Sha ɗaya saura biyar sakatariya ta ce Malama ba ta iso ba, amma in fara, in ta zo za ta wuce ɗakin duhun kai tsaye. Baba kuwa tun takwas da rabi yana nan, shi kaɗai, ba 'yarsa.

Sababbin kaya ya sa, har da turare. An wanke baƙin man faratansa tas. Ban taɓa ganin fuskar mutum a kwance haka ba, kamar wanda ya sauke buhu bayan doguwar tafiya. Ya ja kujera ta uku, ya ɗan shafa mazauninta da tafin hannu, ya zauna.

Kafin in tambaya ya ce, "Tara."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Na saci kallon madubin don Malama ta gani.

Na ce, "Tara! To Baba, me zai kai ka goma?"

"Ba abin da ya rage sai ɗan abu kaɗan, kuma na riga na shirya shi. Yau ba sai kin ba ni aikin gida ba. Ranar dawowa ma ba sai kin rubuta ba."

Ku gane, a hanyar da muke koyo babu abin alfahari kamar mutum ya ce da bakinsa ba ya buƙatar dawowa. Zama huɗu cif! Har na fara jero kalmomin rufewa a kaina. Ya zaro ɗan sukudireban daga aljihunsa ya ajiye a kan tebur, ya turo mini.

Ya ce, "Riƙe wannan. Kin taimake ni ƙwarai. Da can ina ta jan ƙafa, ke kika ce in ƙara."

Ruwan ya tsananta a kan taga. Sautin nan na cikin bango ya dawo, yanzu a fili, caka-caka-caka, kuma ba daga ƙasa yake zuwa ba. Daga bayan madubin yake. Na miƙa hannu zan ɗauki sukudireban, sai sautin ya tsaya cak, farar wayar ta yi ƙara.

Na tashi na ɗauka. Layin wayar nan dama kullum da ƙaraf-ƙaraf yake, amma ranar shiru ne tsit a cikinsa, har ina jin numfashi. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, tana fitowa ta gefen baki kamar mai magana da wani abu a tsakanin haƙora.

Ta ce, "Ki ce wa Sarkin Sammako ya koma ya zauna, ba a buɗe ba tukuna. Ke kuma juya takardar."

Na ce, "To."

Na ajiye. Na ɗan yi mamaki, don Malama ba ta yi wa mutane laƙabi, kuma muryar ta fi tata tsufa. Amma wata uku ana horar da ni a kan dokar nan. Na koma kujerata na dube shi.

Na ce, "Baba, an ce in ce wa Sarkin Sammako ya koma ya zauna, ba a buɗe ba tukuna."

Na ga jini ya bar fuskar mutum a gabana. Bakinsa ya buɗe, hannunsa ya kama hannun kujera ta uku ya riƙe gam.

Ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?"

"Malamarmu ce, tana bayan madubi."

"A'a." Ya girgiza kai. "A'a, 'yata. Ko 'yar cikina ba ta san sunan nan ba. A kunne take raɗa mini shi, don kada a ji ta raina ni. Duk inda na ja ta da sassafe, asibiti ne, tasha ce, ofis ne, sai mu tarar da ƙofa a kulle. Sai ta ja rigata ta ce, Sarkin Sammako, koma ka zauna, ba a buɗe ba tukuna."

Ban yarda na kalli madubin ba. Na juya takardar, na ga layin nan a can ƙasa. Na ɗaga ido na dubi tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Baba, kana tunanin kashe kanka?"

Sai kafaɗunsa suka sauka.

Ya ce, "Yau da yamma. Na ɗauka likkafanina take ɗinkawa. Na ɗauka kirana take yi."

A nan ne uku da biyar da bakwai da tara suka jeru a gabana, na ga abin da nake ta yi wa tafi. Kekunan da ya mayar, akwatin aikin, kyanwar, ƙanin. Mutum yana naɗe tabarmarsa a gabana mako uku, ni kuma ina ce masa ya ƙara. Don kunya da tsoro na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma wannan darasin ma an koya mana shi, kuma shi na tuna. Ban bar shi shi kaɗai ba ko na minti ɗaya. Na buɗe ƙofa na ƙwala wa sakatariya kira ta nemo 'yarsa da likita. Na dawo na zauna kusa da shi, na tambaye shi abin da ya tanada da inda ya ajiye, ya gaya mini, na rubuta don 'yarsa ta kwashe. Ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, sai ƙirji da ke hawa da sauka. Ni da ba na barin mutum ya kai aya, ranar bakina ya mutu.

Sha biyu saura kwata na ji takun sauri a matakala. Malama ce, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu. Motar da ta hau ce ta mutu a cikin ruwa. Ta leƙo ta ga Baba da 'yarsa rungume da juna, ta ja ni gefe, na gaya mata a taƙaice.

Na ce, "Malama, ba don kin kira ba..."

Ta ce, "Na kira ina?"

Ta buɗe jakarta ta fito da makullin. Muka je ƙofar ɗakin duhun tare, tana nan a kulle. Ta buɗe ta kunna fitila. Kujeru huɗu, da kabad ɗin fayil, da kan wayar a mazauninsa. Ɗakin yana warin man keke. A kan ɗan katakon da ke ƙasan gilashin akwai guntun farin zare, bai fi tsawon yatsa ba. Malama ta ɗauka ta kai kusa da fitila. Bakinsa a jiƙe yake, a tattaune, ba yankan almakashi ba.

Sannan ta sa shi a cikin ambulan, ta sa a fayil ɗin Baba, ta kulle kabad. Har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Abin da ta tayar shi ne takardu biyun da na ja wa layi ban tambaya ba. Ni na kai mata su da kaina. Ta yi mini wankin babban bargo ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce zan maimaita zangon daga farko. Maigidana ma da na gaya masa bai ce ai na faɗa miki ba, sai ya ɗora mini ruwan shayi, wannan kuma ya fi faɗan ciwo.

Bayan mako shida Baba ya dawo. An sallame shi daga asibiti, yana zaune a gidan 'yarsa, kuma shi ya ce ni yake so ya gani. Malama ta yarda, da sharaɗin tana bayan madubi. Na tabbata na ga shigarta da idona.

Sha ɗaya da minti goma ya iso, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Ya rame, gemu ya fito. Ya tsaya a kan kujera ta uku kamar zai ja ta, sai ya bar ta yadda take ya zauna.

Na ce, "Baba, yau kana nawa?"

Ya ce, "Biyu."

Shekara goma sha tara ina ba yara maki, ban taɓa rubuta lambar da na gode wa Allah a kanta kamar biyun nan ba.

Ya ce, "Tun ranar ban sake jin keken ba. Na je gidan sau uku da safe, na tsaya ina wanke fuska har ruwa ya ƙare. Shiru. Da can ina da ita ko a kunne ne, yanzu ko wannan babu." Ya share ido da bayan hannu. "Wani lokaci har haushinki nake ji, 'yata. Da haushinta."

Ban yaba masa ba, ban ce ya ƙara komai ba. Na bar shi ya kai aya. Ya juya ya kalli farar wayar, ni ma na kalle ta, muka daɗe a haka. Ba ta yi ƙara ba.

Na zaro sukudireban daga jakata na tura masa a kan tebur. Ya dube shi, ya ɗauka, ya mayar aljihun gaba. Sannan na juya takardar, na dubi idonsa, na yi tambayar.

Ya ja dogon numfashi.

Ya ce, "Tunanin yana zuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. In ya zo sai in koma in zauna. An ce ba a buɗe ba tukuna."